Ragon turka: tambayoyi da amsoshi kan abin da hatsi da dusa ke yi wa nama da kitse

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, tambayoyin nan ake ta maimaita mini, a ƙofar gida, a masallacin unguwa, wani lokaci ta waya da tsakar dare idan rago ya kumbura. Masu tambayar kashi biyu ne: masu turka raguna a cikin gida, yawancinsu mata, da masu zuwa kara su saya. Magana ce a kan tumakinmu, Yankasa da Uda da Balami, da abincin da muke samu a nan Kano.

Malam, idan an yanka ragon da aka turka da hatsi da wanda ya yi kiwo a daji, ina bambancin yake fitowa?

A sikeli yake fara fitowa. Idan aka feɗe rago, aka cire kai da ƙafafu da fata da kayan ciki, abin da ya rage a rataye, wato nama da ƙashi da kitse, yakan kama rabin nauyinsa na rai ko ƙasa da haka. Ragon da ya sha turka yana iya kaiwa kashi 48 zuwa 50 cikin 100, wanda ya tashi a ciyawa da kara zalla kuwa sau da yawa bai wuce kashi 40 da ɗoriya ba. Ɗauki raguna biyu masu kilo 40 kowanne: na farko zai ba ka wajen kilo 20, na biyu wajen 17. Kilo uku ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ke da 'yan rabo da yawa.

Dalilin guda biyu ne. Ciyawa tana daɗewa a tumbi kafin ta narke, saboda haka tumbin ragon daji ya fi buɗewa, ya fi nauyi, kuma abin da ke cikinsa zubarwa za a yi. Na biyu, hatsi yana da sitaci mai yawa, ƙarfin da yake bayarwa ya wuce abin da rago ke buƙata don rayuwar yau da gobe, rarar kuwa jiki yana ajiye ta.

To wannan ƙarin, nama ne ko kitse?

Nan ne maganar take, kuma nan ne masu turka da yawa suke asarar kuɗinsu ba su sani ba.

Jikin dabba yana girma ne bi da bi: ƙashi ya fara, tsoka ta biyo, kitse ya zo daga baya. Ɗan rago mai tasowa, wanda bai daɗe da fitar da manyan haƙoransa biyu na gaba ba, idan ka ba shi hatsi tare da abin gina jiki, yawancin abin da zai ƙara tsoka ce. Tsohon ragon da ya gama girma kuwa ya riga ya tsayar da ƙashinsa da tsokarsa. In ramamme ne zai mayar da naman da ya zube, daga nan duk abin da ka ƙara masa kitse zai zama.

Kitse kuma tsada gare shi. Tsoka kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, kitse kuwa ruwan cikinsa kaɗan ne, saboda haka kilo ɗaya na kitse yana cin abincin da ya ninka na kilo ɗaya na tsoka. Shi ya sa za ki ga a watan farko da na biyu rago yana ta cika, a na huɗu da na biyar buhunan dusa suna ƙarewa amma sikeli ya ƙi motsi yadda ya saba.

Sannan ina kitsen yake zama? Yana fara taruwa a ciki, kewaye da ƙoda da kan tumbi da hanji. Bayan haka ya shiga tsakanin tsokoki, ya shimfiɗu a ƙarƙashin fata, can daga ƙarshe ya ratsa cikin tsokar kanta. Wannan na ƙarshen shi ne mai sa nama ya yi maiƙo da daɗi a baki, kuma shi ne mafi jinkirin zuwa. Tumakinmu masu gashi sun fi na Turai masu ulu tara kitse a ciki. Abin da ke faruwa ke nan idan aka buɗe ragon da aka yi wata shida ana ɗura masa: a cika roba da farin kitse, cinya kuwa ba ta fi ta ragon maƙwabci da aka turka wata uku ba.

A ganina kwana 60 zuwa 90 sun isa. Yankasa mai lafiya da ke samun abinci mai kyau yakan ƙara giram 100 zuwa 150 a rana, ka ga a wata uku ya ƙara kilo 9 zuwa 13. Amma ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya sayi rago saura mako biyu Sallah ya dage da ɗura masa hatsi, ciwo yake nema masa.

Na ga kitsen ragonmu na bara ya yi laushi, yana naso kamar mai, bai daskare ba. Mene ne ya jawo?

Hajiya, alama ce ta hatsi ya yi yawa, harawa ta yi kaɗan. Ba rago ne yake narkar da abincinsa da kansa ba, ƙananan halittun da ke cikin tumbinsa ne suke yi masa aikin, su mayar da abincin wasu sinadarai masu tsami da jini ke ɗauka. Idan ciyawa ce suka samu, irin sinadarin da suke fitarwa daban, idan sitaci ne ya yi yawa, wani iri ne yake rinjaye, wanda ake kira furofiyonet. Hanta ce take sarrafa shi. In ya fi ƙarfinta, rarar tana shiga cikin ginin kitse, sai a sami kitse mai saurin narkewa, wanda ba ya tsayawa da ƙarfi a jikin nama.

Wannan abu an gano shi tun shekarun 1970 a cibiyar bincike ta Rowett da ke Abadin a Sikotland, inda ake turka 'yan tumaki da sha'ir. Can ne kuma aka ga cewa idan aka ba su ƙwayar sha'ir ɗungurungum, ba niƙaƙƙiya ba, laushin kitsen yana raguwa.

Wato kada a niƙa hatsin?

Ga tumaki, ba sai an niƙa ba. Saniya ce take haɗiye ƙwaya ta fitar da ita a kashi yadda ta shiga. Tunkiya tana tauna hatsi sosai, ta dawo da shi ta yi tuƙa, kuma yawun da take haɗiya wajen tuƙar yana kashe tsamin tumbi kamar yadda kanwa ke kashe tsamin miya. Gari kuwa nan da nan yake tsami a ciki. Dawa da gero a ba su haka nan. Masara in an ga dama a ɓarza ta, musamman ga ƙananan 'yan tumaki da tsofaffin da haƙoransu suka zube. Kin huta da kuɗin inji.

Dusa ma hatsi ce?

'Yar uwarsa ce, amma ba ɗaya suke ba. Dusa ɓawon hatsi ce da ɗan garin da ya biyo ta, don haka sitacinta bai kai na ƙwaya ba, kuma ta fi sauƙi a kan tumbi. Dusar alkama tana da sinadarin gina jiki wajen kashi 15 zuwa 16 cikin 100, ƙwayar masara kuwa wajen 9 ne kawai. Ɗan rago mai tasowa yana son abincinsa gaba ɗaya ya kama kashi 14 zuwa 16. Ka ga wanda ya dage da masara zalla ya ba da ƙarfi bai ba da abin gina tsoka ba, kitse zai girba. Ƙulin gyaɗa, wanda nasa ya haura kashi 40, ko na auduga, ɗan kaɗan ake zubawa ya cike gurbin. Harawar wake da ta gyaɗa da kowa, wato ɓawon wake, su ma suna taimakawa ta wannan fuska, bayan aikin da suke yi na sa rago tuƙa.

Dusar masara ta inji ba ta da tabbas: wata gari ya yi mata yawa, wata kusan ƙaiƙayi ce. A damƙa a duba kafin a saya.

Wanne ya fi daɗi?

Ba zan yanke wa kowa hukunci ba, don harshe sabo ne. Naman ragon ciyawa yana da ƙanshi mai ƙarfi, abin da wasu ke kira ƙanshin daji, saboda wasu sinadarai da ke fitowa daga ɗanyen ganye su zauna a kitse. Na hatsi ya fi sanyin ƙanshi, ya fi maiƙo, launinsa ya fi haske. A Turai ma an gwada: mutanen Sifen, da suka saba da 'yan tumakin da ake ciyarwa da hatsi, nasu suka fi so, mutanen Ingila da suka saba da na ciyawa su ma nasu suka zaɓa. Amurka ta fi turka da hatsi, Niyu Zilan kuwa a makiyaya take kiwo, kuma kowanne yana da kasuwarsa.

Ƙarnin da wasu ke ƙorafi a kai yawanci ba daga abinci kaɗai yake ba. Tsufa ne da kasancewar ragon namiji da ba a dandaƙe ba, kuma a kitse yake zama. Tsohon rago mai kitse jibge ya fi kowanne ƙarni.

Mai balangu kitse yake so, don shi ke hana nama bushewa a kan wuta. Mai dambun nama da mai kilishi tsoka suke nema, kitsen ma yanke shi suke yi su ajiye gefe. Kafin ka turka, ka san wa za ka sayar wa.

Gaskiya ne naman turka ya fi laushi?

Sau da yawa haka ne, amma ba hatsin ne kai tsaye ba. Ragon turka yana kai girman yanka yana da ƙuruciya, kuma jijiyoyin naman ƙaramar dabba suna saurin nuna. Tsohon rago ko buhu goma ya cinye, namansa sai ya sha wuta.

Likita ya ce in rage kitse. Wanne zan ci?

Alhaji, na ciyawa ya fi dacewa da kai, saboda kitsensa kaɗan ne tun asali, kuma cikin ɗan kitsen nasa akwai nau'in mai irin na kifi da ake kira omega-3 fiye da na ragon hatsi, wanda nasa ya karkata ga wani nau'in, omega-6. Sai dai kada a zuzuta abin, duk naman rago bai kama ƙafar kifi ba ta wannan fuska. Abin da ya fi tasiri shi ne yawan kitsen da ke shiga cikinka. Ka zaɓi cinya, a yanke kitsen da ido ke gani, a dafa ko a gasa maimakon a soya da kitsen ragon.

Naman suya da muke ajiyewa, abincin rago yana shafar daɗewarsa?

Yana shafa. Ɗanyen ganye yana da bitamin E, wanda ke zama a cikin nama ya jinkirta lalacewar kitse da sauyawar launi. Ragon da ya yi watanni bai ga kore ba, daga dusa sai busasshen kara, nasa ya yi ƙasa, kuma kitsensa ya fi saurin yin hamami. Sallar shekarun nan tana faɗowa ƙarshen bazara ko farkon damina, ka ga turkar duk a cikin rani ake yin ta, lokacin da ɗanyar ciyawa ke wuya. Harawar da ta bushe a inuwa ta riƙe korenta ta fi wadda rana ta toya. In ana samun ganyen zogale ko ciyawar fadama, a riƙa jefa masa ko da dunƙule ɗaya ne a rana. Sauran aikin na mai suya ne: nama ya soyu ruwansa ya ƙone, a tsane shi, a ajiye inda iska ke ratsawa.

Nawa zan riƙa ba shi, kuma yaya zan fara?

Rago yana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinsa a rana. Mai kilo 30 zai ci kilo ɗaya ko sama da haka kaɗan. Ni abin da nake bai wa mutane shawara shi ne rabi harawa da kowa, rabi haɗin dusa da hatsi da ƙuli, a raba sau biyu, safe da yamma, harawar ta riga shiga ciki. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. Kafin a fara a ba shi maganin tsutsar ciki, in ba haka ba tsutsa kake turkawa.

Farawar ita ce mai haɗari. Ragon da aka kawo daga Wudil ko Dambatta ko Maigatari mai yiwuwa bai taɓa cin hatsi cikin kwano ba. Halittun tumbinsa na ciyawa ne, suna buƙatar mako biyu zuwa uku kafin su sauya. A fara da tafin hannu ɗaya, a riƙa ƙarawa bayan kwana biyu ko uku. Idan aka zuba masa da yawa lokaci guda, tumbin yana tsami fiye da kima: ma'aunin tsami, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, maimakon ya tsaya tsakanin 6 da 7 sai ya faɗo zuwa 5 ko ƙasa. Rago ya daina ci, ya daina tuƙa, cikinsa ya cika da ruwa, ya yi zawo mai tsami, ya kwanta. Na taɓa rasa rago haka. Ya kwance cikin dare ya sami buhun gero a buɗe, kafin la'asar ta washegari ya tafi, saura kwana goma sha Sallah. Har yau ina jin zafin abin, kuma tun daga ranar ba na ajiye hatsi inda dabba za ta kai.

Wanda ya tsira ma ba lallai ya tsira lafiya ba. Tsamin yana ƙona bangon tumbi, ƙwayoyin cuta su bi jini su je hanta su yi ƙurji. Ranar yanka sai a ga tumbi ya yi baƙi ya cure, hanta da mugunya, dole a zubar. Yana kuma sauka a kofato, rago ya kama ɗingishi, kuma ɗingishi bayyananne yana cikin aibobin da ke hana dabba isa layya. Akwai wata cutar ma ta hanji da ke kashe ɗan rago mafi ƙiba a garke farat ɗaya idan hatsi ya yi masa yawa, ana yi mata rigakafi, a tuntuɓi likitan dabbobi. In kun ga rago ya afka wa buhu, a janye hatsi gaba ɗaya, a ba shi harawa, a kira likita nan take, kada a jira ya kwanta.

Ragona yana ta yunƙuri, fitsari ba ya fita sai ɗigo. Da alaƙa da dusa?

Akwai, kuma da gaggawa. Dusa da hatsi suna da sinadarin fosfaras mai yawa, sinadarin kalsiyam kaɗan, alhali ana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. In ma'aunin ya juye, tsakuwa tana haɗuwa a mafitsara ta toshe hanyar fitsari, wadda a jikin rago siririya ce ƙwarai. In aka bar shi mafitsara tana iya fashewa, naman ma ya ɗauki zarnin fitsari. Wannan aikin likita ne a ranar. Rigakafinsa harawar wake ko ta gyaɗa, don suna da kalsiyam, da ɗan gishiri a abinci domin ya sha ruwa sosai. Kanwa tana taimaka wa tumbi, amma kada a cika ta, yawanta yana sa fitsari ya zama irin wanda tsakuwa ke saurin haɗuwa a ciki.

An ba ni masara mai araha da ta ɗan yi hunhuna. Ai dabba ce za ta ci?

A'a. Hunhunar masara da gyaɗa tana fitar da guba mai suna afalatoksin, tana lalata hanta, tana hana dabba cika. Hatsin iri da aka shafa wa magani, da wanda aka zuba wa maganin ƙwari a ajiya bai sha iska ba, su ma haka. In ka je Dawanau saye, ka shinshina, ka tambaya. Abincin kaji da na shanu na kamfani ma kada a ba tumaki, saboda sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, da ake sa musu yana taruwa a hantar tunkiya har ya kashe ta. Kitse da nama da suka yi ruwan ɗorawa sosai, tare da idon da ya yi rawaya, alamar hanta ta taɓu ce, a nuna wa ma'aikacin duba nama kafin a ci.

Ni saye zan yi. Yaya zan gane mai nama a kara?

Da hannu, ba da ido ba. Tumbi ba nama ba ne. Ragon da aka cika wa ciki da dusa da gishiri da ruwa da safe zai tsaya tim, mai saye ya yi ta kallon kitse ga rogo. Ɗora tafin hannunka a gadon bayansa, bayan haƙarƙari na ƙarshe. In ƙashin baya ya soke ka kamar zarto, ramamme ne. In ka ji ƙashin amma sai da ka ɗan danna, gefe da gefe kuma a cike da tsoka, shi ne abin nema. In ka danna ba ka ji ƙashi ko kaɗan ba, kitse za ka biya wa kuɗi. Damƙi cinya, taɓa gindin jela da ƙirji, buɗe baki ka ga haƙora, sa a ja shi ka ga tafiyarsa. A Unguwa Uku ko duk wata kara, dillalin kirki ba zai hana ka taɓawa ba.

Balami da Uda sun fi tsayi da girman ƙashi, suna cika ido. Yankasa gajere ne amma a dunƙule, kuma ya fi sauƙin turka a ƙaramin gida.

Ana gobe yanka, a cika masa ciki?

Kada a cika. A janye dusa da hatsi tun daren, a bar masa ruwa. Tumbin da ba a cike yake ba ya fi sauƙin fitarwa ba tare da ya fashe ya ɓata nama ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne hutu. Tsoka tana da ajiyar sukari, wanda bayan yanka yake juyewa ya ba nama ɗan tsamin da ke sa shi haske da daɗewa. Ragon da ya sha doguwar tafiya a mota, ko yara suka yi ta kora da haɗa shi karo, ya ƙone ajiyar nan, namansa sai ya yi duhu ya kuma saurin lalacewa. Ragon hatsi yana da wannan ajiya fiye da ramamme, amma wahalar yini ɗaya tana iya cinye ta. In daga nesa aka kawo shi, ya huta kwana biyu ko uku.

Al'adar nan ta rataye rago a yanyanka shi washegari tana da amfani, don nama yana sandarewa bayan yanka kafin ya saki. Sai dai a zafin Kano, mai kitse da kauri yana daɗewa bai huce ba. A cire kitsen ciki da wuri, a buɗe ƙirjin sosai, a rataye inda iska ke kaɗawa, a kare shi daga ƙuda.

Na yi masa allura makon jiya. Za a iya cin naman?

A duba kwalbar. Kowane magani, na tsutsa ne ko na kashe ƙwayoyin cuta, an rubuta masa adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka, kuma allurai masu dogon aiki nasu yakan kai makonni. Dafuwa ba ta kawar da ragowar magani gaba ɗaya. In kwanakin ba su cika ba ranar Sallah, akwai sauran kwanakin yanka a duba ko za su cika a ciki, in ba za su cika ba a nemi wani ragon. Mai sayarwa kuma ya gaya wa mai saye ranar da ya yi allurar da sunan maganin. Nan gaba, allurar da ba ta zama dole ba kada a yi ta a watan ƙarshe, wadda ta zama dole kuma a yi ta a wuya, don inda allura ta shiga a cinya yakan yi tauri ko ƙurji, sai an yanke wurin an jefar.